Akwatin Malama: “Hag” ba “tsohuwa” ba ce

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ina gaisuwa da fatan kina lafiya, ya ƙoƙari? Ni ma'aikaciya ce a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila, wata bakwai ke nan da fara aikina. Cikin waɗanda nake kula da su akwai wata dattijuwa mai shekara 88, tsohuwar malamar makaranta, yanzu cutar mantuwa ta fara kama ta. Ba ta son wankan safe, wani lokaci har ta ture hannun mutum. Ran nan muna fitowa daga ɗakinta, ƙofa ko gama rufuwa ba ta yi ba, abokiyar aikina ta ja tsaki ta ce “old hag”. Na tambaye ta me ke nan, ta yi dariya ta ce ai tsohuwa kawai ake nufi, haka ake faɗa. Da na duba a waya, wani wuri ya ba ni “tsohuwa”, wani ya ba ni “mayya”. Malama, wanne ne daidai? Zagi ne ko wasa? Abin da ya fi damuna shi ne ni ma na maimaita kalmar sau biyu a ɗakin hutu kafin jikina ya ba ni cewa akwai lauje cikin naɗi. In kuwa zagi ne, me ya kamata in yi, ga ni baƙuwa, bizata kuma a rataye take da wannan aikin?

'Yarki, daga Ingila

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Jikinki bai yi miki ƙarya ba. Zagi ne, mai nauyi ma kuwa. Abokiyar aikinki ta sani sarai, domin duk wanda ya tashi da Turanci a bakinsa ya sani. Da “tsohuwa” kawai take nufi, da ba ta jira kun ba matar baya ba.

Wayarki ta tsaga kalmar gida biyu ne ta ba ki kowane ɓari daban, shi ya sa kika rikice. A Hausa “tsohuwa” kalma ce mai tsabta. Mutum ya ce “tsohuwata” mahaifiyarsa yake nufi, kuma da ƙauna ya faɗa. Sai an jingina mata wani abu take komawa zagi, kamar tsohuwar banza ko tsohuwar najadu. Ita “hag” da dauɗarta take tafe, ba ta jiran a jingina mata komai. Harafi uku ne, amma a cikinsu an ce wa mace kin tsufa, kin yi muni, halinki ya ɓaci, sannan can ƙarƙashi ga maita a kwance. In aka matsa mini in mayar da ita Hausa zan ce “mummunar tsohuwar mayya”, ko da yake mai faɗa a yau ba yana nufin matar tana kama kurwa ba ne. Yana nufin ganinta ma ya ishe shi.

Shekara 31 na yi ina koyar da Turanci, kuma a allo na fara sanin wannan kalma, cikin wasan kwaikwayon Shakespeare na Macbeth, wanda aka rubuta wajen shekarar 1606. A nan ne Macbeth ya shiga wurin mayun nan uku suna kewaye da tukunyarsu ya kira su da ita. Na daɗe ina ɗauka kalmar littafi ce, irin wadda ake haddacewa don jarrabawa. Sai da na je wani kwas na wata uku a Ingila na ji ta a bakin mutum mai rai. A cikin bas ne, da yamma, ana yayyafi. Wasu samari biyu suna ta ihu a baya, wata tsohuwa mai farar hular ulu da jakar cefane a cinya ta waiwaya ta roƙe su su rage murya. Ɗayansu ya jefa mata kalmar, ɗayan ya fashe da dariya. Ba ta ce uffan ba. Ta juya ta kalli taga, na ga hannunta yana rawa a kan jakar, tasha ta gaba ta sauka, kuma ina da yaƙinin ba nan ce tasharta ba. Ni ma ban ce komai ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Tun daga ranar na daina koyar da kalmar a matsayin “tsohuwa”.

Bari in gaya miki inda ta fito, domin a nan ne nauyinta yake. A tsohon Turanci, wanda ake yi fiye da shekara dubu da suka wuce, akwai kalmar “hægtesse”, ma'anarta mayya ko muguwar aljana. Ita ce ta gajarce ta zama “hagge” wajen ƙarni na 13, daga baya ta zama yadda kika ji ta. Tana da 'yan uwa a maƙwabta: Jamusawa na ce wa mayya “Hexe”, mutanen Holan na cewa “heks”. Kin ga ke nan maita ce asali, tsufa daga baya ya shigo. Ba a ɗauki sunan tsohuwa aka ba mayya ba. Sunan mayya aka ɗauka aka liƙa wa tsohuwa, kuma abin ya yaɗu ne a zamanin da wannan liƙi yake kai mutum ga igiya.

Tsakanin wajen 1450 zuwa 1750 an kashe mutum dubu 40 zuwa dubu 60 a Turai bisa zargin maita, akasarinsu mata. A Sikotilan, masana na Jami'ar Edinbara sun tattara bayanan mutum 3,837 da aka tuhuma tsakanin 1563 da 1736, kashi 84 cikin ɗari mata ne. Tun a lokacin akwai masu ido da suka ga abin da ke faruwa. Wani Bature mai suna Reginald Scot ya rubuta littafi a 1584 yana ƙaryata zancen, ya ce ku dubi waɗanda ake kamawa mana: tsofaffi ne, guragu, masu ciwon ido, fuska duk ta yamutse, matalauta, masu bi gida gida suna roƙon ɗan madara ko abin miya. A hana ta, ta tafi tana ƙunƙuni, bayan kwana biyu saniya ta mutu ko yaro ya kwanta, shi ke nan an sami mai laifi.

Haka aka yi a yankin Pendle na Lankasha, a Ingila, a 1612. Wata yarinya, Alizon Device, ta nemi allurai wurin wani ɗan koli a hanya, ya hana ta, ta yi masa baki, bai yi nisa ba ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye. Daga nan bincike ya bi ta kan danginta har ya kai ga kakarta Elizabeth Southerns, makauniya mai kimanin shekara 80. Tsohuwar ba ta kai ranar shari'a ba, a kurkukun Lankasta ta mutu. Mutum goma aka rataye a watan Agusta na wannan shekara. Mace ta ƙarshe da hukuma ta kashe da sunan maita a Birtaniya ita ce Janet Horne, a garin Dornoch na Sikotilan a 1727, kuma labarin da aka adana ya nuna tsohuwa ce da hankalinta ya fara gushewa. Ki tsaya a nan ki yi tunani, 'yata. Tsohuwa mai ruɗewa, wadda ba ta gane abin da ake yi da ita, tana faɗa da masu riƙe ta. Wannan ai ita ce matar da kike yi wa wanka. A 1736 aka soke dokokin farautar mayu, kuma sai ranar 8 ga Maris 2022 shugabar gwamnatin Sikotilan ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta nemi gafara a hukumance. Doka ta tafi, kalmar ta zauna.

Ba ita kaɗai ba ce, kuma tunda a can kike aiki gara ki san ƙawayenta don kada a sake yi miki dariya a ce haka ake faɗa. Akwai “crone”, wadda ta shigo daga tsohon Faransanci, asalinta kalmar da ke nufin mushe. Akwai “old bag” da “old bat” da “old biddy”, waɗannan su ne na kan titi, za ki fi jin su. Wadda ta fi ba ni takaici ita ce “beldam”, da yanzu sai a tsofaffin littattafai. Farkonta “kaka” take nufi, kakar mutum ta jini, a hankali ta lalace ta koma muguwar tsohuwa. Turanci yana da zagin tsofaffin maza, ban ce babu ba, amma yawanci wauta ko rowa ko gardama ake jingina musu. Mace ce ake zagi da fuskarta, kamar ta ci bashin kyau ne ta kasa biya.

A yau ba lallai sai mace ta tsufa ake jefa mata “hag” ba. Ana faɗa wa 'yar shekara 40, har 'yar 30, kuma abin da ake nufi shi ne kin wuce lokacinki, ki yi shiru. Shi ya sa mata masu fitowa fili suke yawan shan ta, ita da yayarta “witch”, wato mayya. A Ostireliya a 2011 masu zanga-zanga sun ɗaga allunan da ke kiran firaminista Julia Gillard mayya, ta kuwa tuna wa majalisa wannan a jawabinta na Oktoba 2012. Da tsohuwar firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta rasu a Afrilu 2013, masu adawa da ita sun yi ta sayen wata tsohuwar waƙar murnar mutuwar mayya har ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin Birtaniya na wannan mako. Mutum na iya ƙin siyasar waɗannan mata iya ƙi, yana da hakkinsa. Amma ki lura da makamin da aka zaɓa.

Za ki kuma ci karo da matan da suke kiran kansu da kalmar da gangan. Wata marubuciya 'yar Birtaniya, Victoria Smith, ta sa wa littafinta na 2023 suna “Hags”, tana magana a kan yadda ake wulakanta mata da zarar sun manyanta. Wasu ƙawaye ma sukan tsokani juna da ita. Wannan tsakaninsu ne, kuma mace ce ta ɗauka da hannunta ta ɗora wa kanta. Dattijuwarki ba ta ɗauka ba, ɗora mata aka yi a bayan ido, kuma wadda ta ɗora mata ita ce mai riƙe da soso da tawul da makullin ɗakinta.

Kada ki yarda da zancen cewa ai ba ta ji ba, ko ta ji za ta manta. Mai cutar mantuwa yakan manta abin da aka ce, amma ɓacin ran yakan daɗe bayan maganar ta gushe. Matar nan malama ce, ta san kalmar tun kafin a haifi abokiyar aikinki, wataƙila ta taɓa hukunta ɗalibi a kanta. Tana iya wuni a takure ba ta san dalili ba, gobe da safe ta ƙara ture hannu, a ce ga shi nan, dama halinta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama ya fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma a gidajen kulawa biyu cikin uku na ma'aikatan da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa sun aikata. Mafi yawansa ba duka ba ne. Irin wannan ne, tsaki da baƙar magana a bakin ƙofa.

Batun maimaitawar da kika yi, ki sauke shi daga ranki. Ba ki sani ba, kuma wadda kika tambaya ta ɓoye miki. Kin daina, ya wadatar.

Abin da za ki yi kuwa, ni a ganina ki fara da ita abokiyar aikin, ku biyu, ba a gaban mutane ba. Ki ce mata kin bincika kalmar, kin gane abin da take nufi, kuma ba kya so ki sake jin ta a kan wanda kuke kula da shi. Ba sai kin ɗaga murya ba. Na san aikinku, awa goma sha biyu a tsaye, ɗaga wannan, goge wancan, ga ƙarancin ma'aikata, gajiya takan sa baki ya suɓuce. Mai yiwuwa ta ji kunya ta bari. Amma ki rubuta ranar da abin ya faru da lokacin da kalmar da aka faɗa, ki ajiye. In ta sake, ko kika ji ta faɗa a gaban matar, to ya wuce tsakaninku, ki kai wa manaja ko jami'in da aka ɗora wa kare mazauna gidan. Ƙa'idojin da ke tafiya da Dokar Kulawa ta 2014 a Ingila sun lissafa zagi da muzantawa a cikin cin zarafi, ba sai an taɓa jiki ba. Dokar Daidaito ta 2010 ta sa shekaru da jinsi cikin abubuwa tara da ba a yarda a ci mutuncin mutum a kansu ba. In gidan ya yi kunnen uwar shegu, akwai hukumar CQC mai sa ido a kan gidajen kulawa, tana karɓar rahoton ma'aikaci ko bai faɗi sunansa ba, kuma akwai dokar 1998 da ke kare ma'aikacin da ya fallasa ɓarna a wurin aikinsa. Na fahimci tsoronki game da biza, tsoro ne na gaskiya, shi ya sa na ce ki bi a hankali kuma komai ya zama a rubuce. In kina cikin ƙungiyar ƙwadago, ki sanar da wakilinku kafin ki ɗauki mataki.

In za ki ambaci irinta cikin ladabi, ki ce “older woman” ko “older lady”. Ita kanta kuwa ki tambaye ta sunan da take so a kira ta da shi. Tsohuwar malama sau da yawa ta fi son “Mrs” da sunan iyalinta, domin da shi ɗalibai suka kira ta shekara da shekaru, kuma yakan zauna a kai bayan wasu sunaye sun zube. Ki gwada shi gobe kafin ki ɗauko zancen wanka.

Sai abu ɗaya na lafazi, mai muhimmanci a aikinki. “Hug”, wato runguma, da “hag” a kunnenmu kusan ɗaya ne, domin duka biyun mukan furta su da wasalin “a”. A wurinsu daban suke. Ta zagin ana buɗe baki a faɗaɗa shi, ta rungumar gajera ce, baki a sake, kuma a arewacin Ingila har takan karkata zuwa “u”. Ki saurari yadda mutanen garinku ke faɗar ta rungumar ki kwaikwaya. Kalmomin da ke kewaye da ita sukan fitar da ke, amma tsohuwa mai nauyin kunne kalma ɗaya takan kama.

TAMBAYA

Malama, barka da aiki. Ni ɗalibin Turanci ne a aji biyu na jami'a. Na ga “hag-ridden” a wani tsohon labari, an faɗa a kan namiji, na kasa ganewa. Sannan “haggard” da “haggle” daga “hag” suka fito? Wani abokina kuma ya ce asalin kalmar “mai tsarki” take nufi a Girkanci.

Ɗalibinki

AMSA

Barka kadai ɗana. Ta farkon ka san ta, sunanta ne kawai ya sauya maka: dannau. Mutum ya farka cikin dare, idonsa biyu, ya kasa motsa ko yatsa, ya ji kamar an zauna masa a ƙirji. Turawan zamanin da sun ɗauka mayya ce take hawan mai barci ta yi sukuwa a kansa har asuba, to wanda aka hau shi ne “hag-ridden”. A tsibirin Newfoundland na Kanada har yanzu sunan abin ke nan a bakin mutane, “Old Hag”. Likitoci sun bayyana shi: a matakin barcin da ake mafarki ƙwaƙwalwa takan kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, wani lokaci sai hankali ya riga jiki farkawa da 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci. Daga wannan ma'ana kalmar ta faɗaɗa ta koma duk wanda damuwa ko tsoro ya hana sakat, shi ya sa ka gan ta a kan namiji. Ba shi aka zaga ba, halin da yake ciki aka siffanta. Ka fassara ta da “wanda damuwa ta yi wa dannau” ko “wanda fargaba ta addaba”, gwargwadon wurin.

“Haggard” daga Faransanci ta zo, daga bakin masu farauta da shaho. Sunan shahon da aka kama bayan ya girma a daji ne, mai wuyar horo, mai zazzare ido. Daga nan ta koma mutumin da wahala ko rashin barci ya zuge wa fuska. Kamar da take yi da “hag” ta taimaka wajen karkata ma'anarta, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma ba zagi ba ce, kana iya faɗa wa abokinka da ya kwana karatu. “Haggle”, wato ciniki da ja-in-ja a kan farashi, daga wata tsohuwar kalma mai nufin sara ko daddatsawa ta fito, babu ruwanta da tsohuwa.

Zancen abokinka kuwa ba daidai ba ne, ko da yake na san inda ya samo shi. Girkanci yana da “hagios”, mai tsarki, wadda ta ba Turanci “hagiography”, tarihin waliyyai. A shekarun 1970 wasu marubuta masu fafutukar 'yancin mata a Amurka sun haɗa kalmomin biyu da gangan, suna wasa da sautinsu don su ɗaga darajar tsohuwa. Niyyarsu mai kyau ce, na kuma fahimci abin da ya kai su. Daga baya masu kwafa suka ɗauki wasan kalma suka mayar da shi tarihi. “Hag” ta gidan harsunan Jamus ce, danginta su ne “Hexe” da “heks”, ita kuwa “hagios” ta Girka ce, haruffan farko kawai suka haɗa su. In malaminku ya tambaya a jarrabawa, “hægtesse” za ka rubuta.